Zane Da Kwamfuta: Daga Ina Mai Koyo Zai Fara?



An nemi mu ce wani abu game da zane da kwamfuta, to sai mu fara da rarrabe hoto iri biyu, domin nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Hoton da kyamara ke ɗauka tarin ƙananan ɗigo ne, in aka ƙara girmansa ya wuce kima sai ya dushe, gefensa ya koma kamar haƙoran zarto. Shi kuwa zanen layi, wanda ake kira fekta, abin da kwamfuta take adanawa shi ne lissafin inda layi ya tashi, da inda ya lanƙwasa, da inda ya tsaya. Shi ya sa tambarin ƙungiya guda zai hau katin shaida, ya kuma hau allon bakin titi, bai canja kama ba.

Wannan lissafi daga masana'antar motoci ta Faransa ya fito. Paul de Casteljau na kamfanin Citroën ya tsara shi a 1959, Pierre Bézier na Renault ya yayata shi a shekarun 1960. Daga baya manhajoji suka biyo: Adobe Illustrator a 1987, CorelDRAW a 1989, sai Inkscape a 2003. Ita wannan ta ƙarshe kyauta ce, don haka rashin kuɗi ba hanzari ba ne.

Mai koyo yakan yi gaggawar zuwa ga launi da ado. Mu a ganinmu ya fara da alƙalamin manhajar tukuna. Kowane danni yana dasa ƙulli a kan layi, ƙullin kuma yana da hannu biyu waɗanda ake ja don a lanƙwasa layin. In ƙulli ya yi yawa layi yakan yi gargada, gwani kuwa da ƙulli huɗu yake fitar da da'ira. A ɗauko hoton ganye ɗaya a yi ta bin gefensa, har hannu ya faɗa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu, mu masu rubutu da Hausa. Ba kowane samfurin haruffa ne yake da ƙ da ɗ da ɓ ba. In kwamfutar maɗaba'a ba ta da wanda muka zaɓa, sai a ga akwati fanko a gurbin harafi, ko ma'aikaci ya musanya shi, ƙafa ta koma kafa a takarda dubu da an riga an biya kuɗinsu. Maganin abin shi ne a mai da rubutun ya zama zane kafin a kai aiki. Amma a ajiye kwafi na asali a gefe, don da zarar harafi ya zama zane, ba a iya gyara kuskuren rubutu ta hanyar bugawa.