Benen Da Aka Gina A Kan Layin Dogo

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, iyayenmu, 'yan'uwa mazauna Sabo.

Maganata yau a kan wani bene ce a birnin New York na Amurka, wanda kamfanin jirgin ƙasa na New York Central ya gina don ya zama hedkwatarsa.

A da, jiragen kamfanin na gawayi ne, ta rami suke shiga gari. A 1902 hayaƙi ya hana wani direba gani, ya afka wa jirgin da ke gabansa, aka yi asarar rayuka. Daga nan aka koma lantarki. To, da hayaƙi ya kau, sai aka rufe saman layukan, aka samu fili a tsakiyar birni.

A nan aka kammala benen a 1929, hawa sama da 30. Warren da Wetmore ne suka zana shi. Ginshiƙansa na ƙarfe sun sauka tsakanin layuka, jirage na wucewa ta ƙarƙashinsa, motoci kuma na ratsa shi ta manyan ƙofofi biyu.

A 1968 kamfanin ya haɗe da na Pennsylvania, a 1970 suka karye. Amma benen yana nan, ana kiransa Helmsley.

Jama'a, kullum kukanmu a nan ƙarancin fili ne. In faɗi ya gagara, a nemi sama, amma fa a tabbatar tushe ya yi ƙwari, a kira injiniya kafin a ƙara hawa.

Allah ya sa mu dace.