Fritz Pollard da Ƙofar da Aka Rufe Bayan Kuɗi Sun Shigo



Wasan da zan yi magana a kansa ba a cika buga shi a ƙasarmu ba, kuma gwanin da zan ambata ya rasu tun 1986. Na ɗauko tarihinsa ne domin kafa hujja guda: sabuwar sana'a takan karɓi kowa lokacin da take matalauciya, amma da zarar kuɗi sun shigo, masu riƙe da fili da jari ke yanke wa zai zauna, komai gwanintar ɗan wasa.

A ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka akwai matsayin da suke kira kwatabak, wato jagoran hari. Shi ke faɗa wa abokansa goma dabarar da za a bi kafin kowace karawa, don haka aiki ne na ba da umarni. An haifi Fritz Pollard, baƙar fata, a Shikago a 1894. Ya yi suna a Jami'ar Brown, sannan ya shiga ƙungiyar Akron Pros ta jihar Ohayo. A Satumbar 1920 masu ƙungiyoyi suka taru a shagon sayar da motoci a garin Canton suka kafa gasar da aka sa wa suna NFL a 1922. Akron ce ta ci kofin farko, da nasara 8 da canjaras 3, ba a doke ta ko sau ɗaya ba, kuma Pollard ne tauraronta. A 1921 ya zama ɗaya daga cikin masu horar da ita, yana ba Turawa umarni a ƙasar da wasu otal-otal ba su ba shi ɗaki. A 1923 ya riƙe matsayin jagoran hari a Hammond Pros, baƙar fata na farko da ya yi haka a gasar. Mutum ne ɗan ƙarami a wasan ƙarfafa, kuma abokan hamayya sukan auka masa da gangan bayan ya faɗi, har ya koyi mirginawa rigingine yana ɗaga ƙusoshin takalmansa sama don kare kansa.

A wancan lokaci gasar abin raini ce, ta ƙananan garuruwan masana'antu, ƙungiyoyi suna kafuwa suna rushewa. Duk wanda zai jawo 'yan kallo ana maraba da shi. Al'amari ya juya a 1925, lokacin da tauraron ɗan wasa Red Grange ya tara kimanin mutum 70,000 a wasa guda a Niyok. A 1927 aka rage ƙungiyoyi daga 22 zuwa 12, aka zubar da matalautan cikinsu, waɗanda su ne suka fi ɗaukar baƙaƙe. Pollard bai sake bugawa a gasar ba bayan 1926. Baƙaƙe biyu kacal, Joe Lillard da Ray Kemp, suka rage a 1933, daga nan babu baƙar fata ko ɗaya har 1946.

Wani zai ce ai karayar tattalin arziki ce ta shekarun 1930, aiki ya yi wuya ga kowa. Gaskiya ne ya yi wuya, amma talauci yana rage yawan ma'aikata ne, ba ya tsince launi guda ya fitar da shi kakaf tsawon kakar wasa 12. Wani kuma zai ce babu rubutacciyar dokar da ta hana, masu ƙungiyoyin ma sun musanta cewa sun haɗa baki. Wannan ya fi ƙarfi, amma abin da aka aikata shi ne shaida. Kenny Washington, baƙar fata, ya fi kusan kowa haskawa a wasan jami'o'i a 1939, babu wanda ya ɗauke shi. George Preston Marshall, mai ƙungiyar Washinton, bai ma ɓoye ƙiyayyarsa ba. A ganina rashin rubutun ne ya sa zaluncin ya daɗe, domin babu takardar da za a kai gaban alƙali. Pollard ya horar da Brown Bombers a unguwar Harlem daga 1935 don nuna cewa gwanayen suna nan, ƙofar ba ta motsa ba.

Ku lura da yadda ta buɗe, nan ne zuciyar laccar. A 1946 ƙungiyar Rams ta koma Los Anjalis tana neman hayar babban filin birnin, wanda mallakar jama'a ne. 'Yan jarida baƙaƙe suka matsa wa hukumar filin, dole Rams ta ɗauki Kenny Washington da Woody Strode. Marshall ya turje har 1962, sai da gwamnatin Kennedy ta yi barazanar hana shi sabon filin da aka gina a kan ƙasar gwamnatin tarayya. Sau biyu ke nan mai fili ya yi abin da gwaninta ta kasa. Kujerun umarni kuwa sun fi jinkiri: sai 1988 jagoran hari baƙar fata, Doug Williams, ya ci babban kofi, sai 1989 aka sami babban koci baƙar fata bayan Pollard, Art Shell. Shi kansa Pollard sai 2005 aka sa sunansa a zauren gwarzayen wasan.

To, ina ruwanmu da wannan? Matsalarmu ba launin fata ba ce, amma dambenmu yana kan mararrabar da wasan Amurkawa ya tsaya a 1925. Wasan da mahauta suka raya a lokacin kaka, wanda waƙar Ɗan Anace ta adana sunan Shago a cikinsa, yau ana ɗaukarsa a bidiyo, mutanen ƙasashen waje suna kallonsa a YouTube, kamfanoni sun fara zuba jari. Ina maraba da wannan da gaske. Tsorona kada ya zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Galibin wuraren da ake kafa gidan dambe, sai da izinin ƙaramar hukuma da sanin hakimi. Wanda ke ba da izinin nan yana da ikon gindaya sharaɗi kafin a kafa kyamara: a rubuta ladan ɗan dambe da na makaɗinsa, a rubuta wanda zai biya kuɗin asibiti idan haƙarƙari ya karye, a kuma bayyana kason da ɗan damben zai samu duk lokacin da aka sake sayar da hoton karawarsa.