Linzamin da Ba a Gani: Bayanan Mutum da 'Yancin Zaɓi



A watan Janairu na 2012, kamfanin Facebook ya ware mutum 689,003 cikin masu amfani da shafinsa, ya yi mako guda yana tace abin da ke fitowa gabansu. Wasu aka rage musu labarai masu daɗi, wasu aka rage musu na ɓacin rai. Da aka wallafa sakamakon a 2014, sai aka ga kalaman mutanen sun ɗan karkata inda aka karkatar da su. Babu wanda aka sanar cikinsu. A 2018 kuma asirin kamfanin Cambridge Analytica ya tonu: ta wata manhajar tambayoyin gane hali aka kwashe bayanan masu amfani da Facebook da yawansu zai kai miliyan 87, don tallar siyasa. Jaridun Ingila sun ruwaito cewa kamfanin na Cambridge Analytica ya tsoma hannu a zaɓen Najeriya na 2015.

Muhawarar zaɓi tsohuwa ce a wurinmu. Jabariyya suka ce tilasta bawa ake yi, Mu'utazilawa suka ce shi ke ƙagar aikinsa, Ash'arawa suka tsaya kan kasabu, wato matsayi tsakanin biyun. Amma duk tsakanin bawa da Ubangijinsa ake wannan magana. Yau ɗan kasuwa ne ya shigo tsakanin mutum da zuciyarsa.

Wani zai ce ai talla ba yau aka fara ba. Haka ne. Mai atamfa a Kantin Kwari yana koɗa hajarsa, amma ido na ganin ido, ka taya ya ce albarka, in ciniki bai faɗa ba ka yi gaba. Bai san abin da ke hana ka barci da tsakar dare ba, bai san bashin da ke wuyanka ba. Wayarka ta ba da labarinsu. Wanda ya san inda rauninka yake, ba sai ya tilasta ka ba. Ya ishe shi ya zaɓi abin da zai ajiye gabanka, da lokacin da zai ajiye shi.

Doka ta fara motsi. A 2019 hukumomin Amurka sun ci Facebook tarar dala biliyan 5, Najeriya kuma ta samu dokar kare bayanai a 2023. Sai dai kamfanoni suna fakewa da cewa mun danna "na yarda". Malaman fiƙihu sun riga sun koya mana cewa ciniki ba ya inganta sai da yardar juna, kuma garari yana ɓata shi. Wanda ya sayar da abin da bai san girmansa ba, ga wanda bai sani ba, yardarsa ta baka ce kawai.

Don haka ma'aunin da nake ba ɗalibanmu masu ƙera manhaja shi ne: duk dabarar da ba za ku iya bayyana wa mai wayar ba don tsoron zai ƙi, ku bar ta, ko da doka ta yi shiru.