Hanyar iska da hanyar hayaƙi cikin ɗaki

Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na ƙasar Arewa duka, tun daga Dogonkiriya da Matankari da Dogon Dutsi, har Kore Mairuwa da Tibiri da Dumega. Yaya sanyi?

Darasinmu na yau kan wuta ne cikin ɗaki. Bara cikin watan Janairu wata ɗalibata ta yi kwana 3 ba ta zo aji ba, sai na tafi in gaishe ta. Ashe da kaskon garwashi sunka kwana, ita da yaranta biyu, ƙofa rufe, taga toshe da tsumma. Da asuba kishiyarta ta yi kira, shiru. Ta tura ƙyaure, ta iske yara suna amai, uwar ko tashi ba ta iyawa. Allah ya kiyaye, anka fid da su waje. Mutanen gida sunka ce iska ce ta taɓa su. Na ce gaskiyarku, iska ce, amma daga cikin kasko ta fito.

Ku saurara da kyau. Wuta tana numfashi kamar mutum. Cikin iskar da muke shaƙa, kashi ɗaya cikin biyar ne ke raya mu, sunansa oksijan. Shi wuta ke ci. In ɗaki na rufe, ku da wuta kuna rabon akushi ɗaya. In abin bai ishe ta ba, sai ta riƙa fid da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini shina kama ta fiye da oksijan sau 200. Garwashin da ya bar hayaƙi ma shina fid da ita, kada ya ruɗe ku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatar iskar cikin gida ta kashe mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 a duniya.

To, mene ne magani? Kowace madafa tana son ƙofa biyu: ta ƙasa inda iska ke shiga, ta sama inda hayaƙi ke fita.

Na ɗaya, ƙofar iska. Ku huda bango kusa da murhu, taƙi ɗaya bisa ƙasa. Faɗinta taƙi ɗaya, wato wajen santimita 20. Ku sa mata ragar ƙarfe saboda maciji da ɓera. Kada a jingina mata buhu ko tulu.

Na biyu, ƙofar hayaƙi. Hayaƙi mai zafi sama shike tafiya, don haka ku huda ta can ƙarƙashin rufi, ta ɗan fi ta ƙasa girma. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Ku sa wagga ƙofa ga bangon kudu ko na yamma, kada iska ta maido muku hayaƙi ciki. Murhun Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka, waɗanda anka yaɗa a Nijar tun shekarun 1980, suna rage cin icce, amma ba su da bututu. Su ma suna son ƙofofin nan biyu.

Na uku, bututu, ga mai murhun laka rufaffe. Ku sa maƙeri ya naɗa muku tiyon ƙarfe mai faɗin santimita 10 zuwa 12. Tiyon roba ba na wuta ba ne. Bututu shi miƙe sama sak. In dole ya karkata don ya ratsa bango, karkatar ta zama gajera, tana hawa. Ku liƙe mahaɗa da laka. Kada ƙarfe ya taɓa azara ko kara ko zana. Inda ya ratsa, ku kewaye shi da laka mai kauri. Kansa shi zarce rufi da santimita 60 aƙalla, a kifa masa ƴar hular ƙarfe saboda ruwan sama, a bar wa hayaƙi fili ƙarƙashinta. Ɗakin jinka ba a sa masa bututu, tartsatsi ɗaya ya isa gobara. Gara a yi girki ƙarƙashin rumfa.

Na huɗu, gwaji. Ku kunna kara ku riƙe bakin murhu. In hayaƙi ya shige ciki, aiki ya yi. In ya dawo fuskarku, ku duba, wani wuri ya toshe. Kowane wata ku ɗaura tsumma ga sanda ku goge kunkunniya.

Ɗakin kwana kuwa, dokarsa ɗaya ce: ku ji ɗumi taga buɗe, ku fid da kasko waje kafin ku kwanta. Haka injin wutar lantarki, waje ne wurinsa. In kunka ga mutanen ɗaki ɗaya sun tashi da ciwon kai da jiri da amai tare, ku buɗe ko'ina, ku fid da su sarari, wanda ya suma ku kwantar da shi bisa gefensa, ku kai su gidan likita ko da sun ce sun ji sauƙi.

Yanzu ɗalibai, ku ɗauki allo. Ku rubuta: iska, wuta, taga, hayaƙi, bututu. Ga lissafi: tsawon madafa har rufi santimita 220, tsawon murhu 40, muna son bututu ya zarce rufi da 60. Santimita nawa za ku ce wa maƙeri? Ku kawo wa malaminku amsa.

Yau da dare, kafin ku kwanta, kowa ya duba tagarsa, ya kuma faɗa wa maƙwabcinsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.