Jawabin Uwar Taro a Bikin Yaye Ɗaliban Zane da Ƙyalle a Bauchi

 

Wakilin Mai Martaba Sarkin Bauchi, Allah ya ja zamanin Sarki, hakimai da masu unguwanni, malamanmu masu daraja, shugabannin teloli na Kasuwar Wunti, waɗanda suka riƙa tara mana ƙyallaye buhu-buhu, 'yan kasuwa, 'yan jarida, iyaye maza da mata, 'ya'yana ɗalibai, barkanku da zuwa.

Yaran nan sun koyi jan layi da fensir da tawada, sun koyi yanka da liƙi da ɗinkin hannu, sun koyi haɗa firam. Sannan aka ce kowa ya zana kansa. Fuska da layi kawai, jiki kuwa da tufar da ya taɓa sawa. Ku duba bangon nan. Ga zanen goyo, ga kafaɗar rigar makaranta, ga shaddar Sallah, ga atamfar lefe. Wata ta fara da majanyin da mahaifiyarta ta goya ta, ta ƙare da hijabin saukar karatunta. Wanda ya san ta, ya karanta rayuwarta ba tare da harafi ko ɗaya ba.

Kada wani ya ce baƙon abu ne. Shanun da aka zana a duwatsun Shadawanka nan cikin gari, da na Geji a ƙasar Toro, sun girmi kakannin kakanninmu. A Zariya kuma, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya don zanensu ya yi kama da gida. Yau Yinka Shonibare da atamfa ya yi suna a Ingila.

Masu waya a baya can, a ɗan saurara, maganar da ta kawo ni ke nan.

Ku saya! Ranku ya daɗe, ku saya. Yabo ba ya sayen gam, ba ya sayen takarda. Mutum ya zo ya ɗauki hoton aikin yarinya, ya ce "ma sha Allah", ya wuce. Wani ma cewa yake a ba shi kyauta, wai ai ƙyallen tela ne. Makonnin da ta yi tana sunkuye da allura fa? Otal-otal ɗinmu da ofisoshinmu cike suke da hotunan da aka bugo daga waje, alhali baƙon da ke hanyar Yankari abin Bauchi yake nema ya tafi da shi. In uba bai ga sisi ya shigo ba, gobe zai ce a bar wasa a ɗauki talla, kuma ba zan ga laifinsa ba. Saboda haka an rubuta farashi a ƙarƙashin kowane aiki, ba a ragi, ba a bashi. Manyanmu na kan babban tebur, da ku za a fara zagayen.

'Ya'yana, na yaye ku da sunan Allah. Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya mai da kowa gidansa lafiya.