Sabuwar waya a hannun Inna



Watan jiya na shiga babbar kasuwar Tawa na saya wa mahaifiyata sabuwar salula. Ƙanena ne ya aiko da kuɗin daga Abijan, inda yake bida kamar samarin Adar da yawa. Burinsa ɗaya: Inna ta riƙa jin muryarsa ta WhatsApp. Na yi rajistar layi da katin shaida, na zuba kiredin jika biyu. A cikin gari rezo cike yake, hoto tas, murya tas.

Da muka isa ƙauyenmu, can wajen Barmu, sai waya ta yi shiru. Inna, tsohuwa mai ciwon gwiwa, sai ta hau tudu da rana tsaka kafin saƙo ya shigo. Caji kuwa sai an kai wa mai sola an biya. Kwana uku kiredi ya ƙare, alhali kira biyu ta yi. Na kira kamfanin, wata na'ura ta amsa mini da Faransanci. Inna da ba ta taɓa zama aji ba, yaya za ta yi da wannan?

Kamfanonin waya huɗu muke da su a Nijar: Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecoms, hukumar ARCEP ce ke sa musu ido. Roƙona gare ta: ta tura ma'aikatanta su auna rezo a ƙauyukan Kalfu, Barmu da Tabalak, ta kuma wajabta a riƙa amsa wa mai ƙorafi da Hausa da Tamashek tun daga kalmar farko.