Gemu Ba Ya Hana Ilmi: Laccar Da Aka Yi Wa Talakawa A Kura

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, manoman rani, masu casar shinkafa, 'yan tebur da 'yan kwando, mun gode da kuka bar sana'o'inku kuka zo.

Kwanan baya muna zaune a rumfar mai shayi a bakin hanyar Zariya, sai ga wani yaro ɗan aji biyar da littafinsa. Wani dattijo ya ce masa, don wasa, ya karanto mana tambayoyin da malaminsu ya ba su, mu gwada kanmu. Mu bakwai ne, kowa da gemunsa. Yaro ya yi ta tambaya, muna ta sosa ƙeya, 'yan kallo suna ta dariya. Da muka koma gida sai dariyar ta zama tunani, domin mun lura kowace tambayar da muka kasa, akwai wurin da a ke cutarmu da ita. To, ga irinsu mun kawo muku. Kowa ya amsa a zuciyarsa, ba mai ba shi maki.

Ta fari: ruwan nan da ke cikin kanal, daga ina ya ke? Daga madatsar Tiga ya ke, wadda aka tare Kogin Kano da ita, aka gama ta a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Gangarowa ya ke yi da kansa har Kadawa da Kura da Bunkure, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke lura da shi. Da kuɗin jama'a aka yi aikin. Saboda haka in ɗan takara ya zo ya ce alheri ya yi muku da aka sako ruwa, ku ce masa hakkinku ne.

Ta biyu: mene ne bambancin eka da hekta? Hekta fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, watau kusan eka biyu da rabi ke nan. Wanda gonarsa eka ɗaya ce, aka rubuta masa hekta ɗaya a takardar kuɗin ruwa ko ta haya, ya dangwala yatsa bai duba ba, ya biya kuɗin gona biyu da rabi alhali ɗaya ya noma.

Ta uku lissafi ce. A ce ka kai kwando 30 na tumatir Kwanar Gafan, aka sayar da kowane naira 8,000, dillali ya ɗauki ɗaya cikin goma la'ada. Nawa za ka koma da shi gida? Kuɗin duka naira 240,000 ne, la'ada 24,000, naka 216,000. Wanda bai iya wannan ba, abin da aka miƙa masa shi ne ya ke karɓa, har ya yi godiya.

Ta huɗu: wa ke wakiltarka? Jihar Kano, wadda aka kafa a 1967, tana da ƙananan hukumomi 44 da sanatoci uku. Mutumin Kura yana Kano ta Tsakiya, mutumin Bunkure yana Kano ta Kudu. A Majalisar Wakilai kuwa Kura tana tare da Madobi da Garun Malam, Bunkure tana tare da Rano da Kibiya. Ruwa ɗaya mu ke sha, amma ƙofa biyu za mu ƙwanƙwasa. In kanal ya cike da ciyawa, mai gona a ƙarshen layi bai sami ruwa ba, ya kai kukansa ƙofar da ba tasa ba, wa zai saurare shi?

Kada wani ya ji kunya. Ba mu ce ku jahilai ne ba. Cikinku akwai mahaddata, akwai masu rubutun ajami, akwai wanda zai dubi ganyen shinkafa ya faɗi abin da ke damunta. Amma rasit da takardar bashi da takardar zaɓe duk da boko a ke rubuta su, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Masu cin guminmu sun fi kowa sanin haka, shi ya sa ba su damu mu koya ba.

Magabatanmu sun gane wannan tun tuni. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne kafin ya zama jagoran NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta, 1950. Da Muhammadu Abubakar Rimi ya hau gwamna a 1979 ya soke haraji da jangali, a 1980 kuma gwamnatinsa ta kafa Hukumar Ilmin Manya, dattawa da matan aure suka shiga aji. Ba su ce sun tsufa ba.

To, abin da mu ke roƙonku ke nan. Kowane reshe ya nemi zaure da allo da mutum ɗaya mai karatu, a zauna bayan sallar isha'i, ko da dare biyu a mako. Mata masu turara shinkafa su sami nasu a cikin gida. Kowane magidanci ya zaunar da ɗansa ɗan firamare ya ce ya yi masa tambaya. In yaron ma ya kasa, to, sai mu taru mu je makarantar mu ji dalili. Kada wanda ya sake sa hannu a takarda sai an karanta masa, kada wanda ya biya kuɗi sai an ba shi rasit.

Matambayi ba ya ɓata. Gara ɗanka ya yi maka dariya a zaure da macuci ya yi maka dariya a kasuwa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka da rani mai albarka, Ya ba talaka sawaba. Wassalam.